Dorina da Takarda: Kongo a Hannun Sarki Leopold

Dorina iri biyu Bahaushe ya sani. Akwai ta cikin ruwa, akwai kuma wadda ake yankowa daga fatarta, a shanya ta bushe ta murɗe, dogari ya saɓa a kafaɗa. Ta biyun nan ce ta yi mulkin ƙasar Kongo daga 1885 zuwa 1908, kuma ko bayan nan ba ta yi murabus ba. Turawan can suna ce mata shikot. A tuɓe mutum, a kwantar da shi rubda ciki, a danne hannuwa da ƙafafu, a tsula masa ashirin da biyar a kan laifin da bai taka kara ya karya ba. Wanda aka yanke wa ɗari, da wuya ya sake tashi. Ta sauka a gadon bayan ɗan dako Bakongo, ta sauka a na lebura ɗan Saliyo, ta sauka a na soja Bahaushe da aka ɗebo daga Ikko, wato Legas. Zafinta ɗaya ne a jikin kowa. Inda aka bambanta shi ne wajen kai kuka, domin a Kongon Sarki Leopold kukan mutum yana tafiya ne gwargwadon gatansa, gatan kuwa launin fata ne da takardar ƙasar da za ta tsaya masa.

Leopold na Biyu ya hau gadon sarautar Beljiyam a 1865. Ƙasa ce ƙarama, ba ta da ko taƙi guda a ƙetaren teku, 'yan majalisarta kuma ba su ga abin da za su ci da mulkin mallaka ba. Shi kuwa sarkin ya ƙwallafa rai. Ya yi ta tayin ƙasashen mutane kamar mai tayin gona, har tsibiran Filifin ya nemi Sifaniya ta sayar masa, ba a daidaita ba. Da ya ga idon Turai ya fara komawa kan Afirka, sai ya sauya riga. A 1876 ya tara masana ƙasa da matafiya a fadarsa ta Burasel, aka yi ta maganar hana cinikin bayi da kai haske cikin duhu, aka kafa ƙungiyar taimako, aka ɗora shi a kanta. Shekara na zagayowa Henry Morton Stanley ya ɓullo a bakin tekun Atlantika, bayan ya biyo kogin Kongo tun daga ƙuryar nahiyar. Gwamnatin Ingila ba ta nuna sha'awa ba, Leopold ya yi caraf ya ɗauke shi aiki.

Daga 1879 zuwa 1884 Stanley yana fasa hanya cikin duwatsu, har mutanen wurin suka laƙaba masa Bula Matari, wato mai fasa dutse, sunan da daga baya ya zama sunan gwamnatin kanta. Yana kafa tashoshi, yana tara takardu. Sarakuna da masu gari sama da 450 aka ce sun sa hannu, ma'ana sun zana alama a ƙarƙashin rubutun da ba su iya karantawa, cikin harshen da ba su ji. A ɗaya daga cikin takardun, kuɗin ƙasa da ruwanta da dajinta da hanyoyinta duka turmin yadi guda ne a wata ga kowane basarake. A ciki kuma aka cusa sharaɗin cewa za su bayar da mutanensu a yi aiki duk sa'ad da aka buƙata. A riƙe wannan sharaɗin, don duk abin da ya biyo baya daga nan ya tsiro. Irin takardar nan ma ba baƙuwa ba ce a wajenmu. A 1885 Joseph Thomson ya zo ƙasar Sakkwato da Gwandu da yawun kamfanin George Goldie, ya koma da nasa takardun, Turawa suka karanta su a matsayin an sallama musu, Sarkin Musulmi kuwa izinin ciniki ya san ya bayar.

Ƙasar da ta fara amincewa da tutar Leopold, shuɗiya mai tauraro ruwan zinariya a tsakiya, Amurka ce, ranar 22 ga Afrilu 1884. Wani attajiri tsohon jakada, Henry Shelton Sanford, shi ya yi ta zirga-zirga a Washinton yana shirya liyafa yana sayar da labarin sarki mai tausayi. Wanda ya tsaya masa a majalisar dattawa kuwa Sanata John Tyler Morgan ne na jihar Alabama, tsohon janar a rundunar Kudu da ta yi yaƙi don bauta ta dore. Me ya haɗa irin wannan mutum da son Afirka? Shekara ashirin ke nan ba su cika ba da 'yanta bayin Amurka, miliyan huɗu, kuma Morgan ba ya son ganinsu suna jefa ƙuri'a a garinsu. Burinsa a samu inda za a kwashe su a zubar, Kongo kuma ta yi masa daidai. Daga nan aka wuce taron Barlin, daga Nuwamba 1884 zuwa Fabrairu 1885, ƙasashe goma sha huɗu, babu ɗan Afirka ko ɗaya a zauren. Aka rubuta cewa kowa zai yi ciniki a Kongo ba shamaki, za a kula da lafiyar 'yan ƙasa, za a murƙushe bauta. Leopold ya fito da ƙasar da ta ninka Beljiyam fiye da sau saba'in, kuma ba ta Beljiyam ba ce, tasa ce ta kansa kamar yadda mutum yake mallakar garke. Ya raɗa mata suna Ƙasar Kongo Mai 'Yanci. Har ya mutu bai taɓa taka ta ba.

Samun ƙasa a takarda abu ne mai sauƙi. Wa zai ɗauki kaya? Kogin Kongo babban titi ne a can ciki, jirgi yana iya tafiyar sama da kilomita dubu ba cikas, amma daga Matadi zuwa tafkin da Stanley ya sa wa sunansa ruwan duk duwatsu ne da magangara, jirgi ba ya wucewa. Dabbar sufuri kuma ba ta rayuwa a wurin saboda ƙudan tsando. Saura kan ɗan Adam. Duk wani harsashi, duk kwalbar giyar Bature, duk hauren giwa mai gangarowa, a ka ake ɗaukarsa tafiyar kusan mako uku, kaya mai nauyin kilo talatin ko fiye. Jiragen hayaƙi ma gunduwa-gunduwa aka kwance su, aka ɗora wa mutane tukunyar injin da faifan ƙarfe suka haura da su tsaunuka. Matafiyan lokacin sun bar mana bayanin gawawwakin 'yan dako a gefen turba da ayarin mutane ɗaure da sarƙa a wuya. Da farko ana biyan wani abu. Da buƙata ta yi yawa sai aka koma kamu.

Kamu kuwa sai da bindiga, Leopold kuma ba shi da sojan Beljiyam da zai turo, hafsoshi kaɗai yake samu daga Turai. Sai ya shiga kasuwar ƙwadago ta gaɓar teku. Aka ɗebo 'yan Zanzibar, da 'yan Laberiya, da 'yan Saliyo, da Hausawa daga Legas da Gwalkwas. Tun 1863 Kyaftin John Glover ya kafa rundunarsa ta Hausawa a Ikko, yawancinsu bayin da suka gudo ko aka 'yanta, kuma daga nan sunan Bahaushe ya tafi a bakin Turawa a matsayin mutumin da ya dace da bindiga. Ba duk wanda aka rubuta Bahaushe a littafin ɗaukar soja ne Bahaushe ba, duk ɗan Arewa Musulmi mai jin harshen ana jefa shi ciki. Su ne ƙashin bayan rundunar Leopold, Force Publique, a shekarunta na farko, kafin a kafa ta da doka a 1888. A watan Agusta 1886, a tashar Stanley Falls inda birnin Kisangani yake a yau, wata baiwa ta gudo ta fake, shugaban tashar Walter Deane ya ƙi mayar da ita, Larabawan Zanzibar suka kawo hari. Aka yi kwanaki ana ɓarin wuta har harsashi ya ƙare, mafi yawan sojojin suka bi kogi cikin kwalekwale, Deane ya cinna wa tashar wuta, abokin aikinsa Dubois ya nutse a wajen gudu, shi kuwa ya shiga daji da 'yan tsirarun Hausawan da suka ƙi barinsa. A 1887 Leopold, jagoran yaƙi da bauta, ya naɗa Tippu Tip gwamnan wannan yanki da albashi, mutumin da babu wanda ya kai shi tara bayi da haure a gabashin Kongo.

Sojan haya yana da tsada, kuma kwantiraginsa yana ƙarewa. Sai aka ɓullo da dabara mai araha. A karɓi bayi daga hannun masu su, ko a kamo su a ƙauyukan da aka ci da yaƙi, a kira su 'yantattu, sannan a ɗaura musu aikin soja na shekara bakwai. Hafsan da ya kawo su yana da kamasho a kan kowane kai. Sau da yawa 'yantattun nan a cikin sarƙa ake kai su barikin horo, don kada su gudu daga 'yancin.

Ana cikin haka wani baƙon ido ya iso. George Washington Williams baƙar fata ne ɗan Amurka, an haife shi a jihar Pensilbeniya a 1849. Yana ɗan shekara goma sha huɗu ko sha biyar ya ɓoye shekarunsa ya shiga sojan Arewa a yaƙin basasar Amurka. Daga nan ya tsallaka Meksiko ya yi yaƙi a ɓangaren da ya kayar da Sarki Maximilian, wanda, abin mamaki, mijin ƙanwar Leopold ne. Ya yi karatun addini ya zama fasto, ya yi aikin jarida, ya karanta lauya, ya zama baƙar fata na farko a majalisar dokokin jihar Ohayo. A farkon shekarun 1880 ya fitar da tarihin baƙar fatar Amurka cikin juzu'i biyu, aikin da har yau masana suke girmamawa. Mutum ne mai rawar kai, ba ya daɗewa a wuri guda, yana da bashi a wuyansa, kuma muƙamin kanar da yake amsawa ba a fagen fama ya same shi ba. Na faɗi wannan ne don abokan gabansa da shi suka yi makami.

Shi ma da farko ya gaskata labarin sarki mai tausayi. A 1889 ya gana da Leopold a Burasel, ya fito yana yabonsa. Shirinsa ya kai matasan baƙar fata masu ilimi su yi aiki a Kongo, tunda a gida ƙofofi sai rufewa suke yi, kotun ƙoli ma ta soke dokar kare haƙƙinsu a 1883. Da ya je wata kwalejin baƙar fata a Bajiniya neman masu zuwa, ɗalibai suka yi masa tambayoyin da ya kasa amsawa, sai ya ce bari ya je ya gano wa idonsa. Leopold ya yi ƙoƙarin hana shi, bai hanu ba. A 1890 ya taka turbar 'yan dako da ƙafarsa, ya hau jirgin hayaƙi ya bi kogi, yana tsayawa tasha bayan tasha, har Stanley Falls. A can, ranar 18 ga Yuli 1890, ya zauna ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga sarki. Kwana goma sha shida kafin nan manyan ƙasashe suka sa hannu a Burasel kan babbar yarjejeniyar hana cinikin bayi, Leopold ne mai masauki, kuma a nan ya samu izinin karɓar kuɗin fito a Kongo da sunan kuɗin yaƙi da bauta.

Wasiƙar da ladabi ta fara, irin na mai magana da sarki, sannan ta shiga jero tuhuma. Ya bayyana siddabarun da aka yi wa sarakuna kafin su sa hannu. Bature zai ɓoye batir a cikin riga, waya ta bi ta hannun riga zuwa tafinsa, in ya gaisa da basarake sai lantarki ya girgiza shi, a ce masa ƙarfin farar fata ke nan. Zai kunna taba da gilashin tara hasken rana, ya ce shi da rana aminai ne, in ya so zai sa ta ƙone garin. Zai zare dalma daga harsashi a ɓoye, ya miƙa wa mutum bindiga ya ce harbe ni, bayan ƙara ta tashi ya sunkuya ya ciro dalmar daga takalminsa. Williams ya ce makarantu da asibitocin da ake ta shela a Turai bai gan su ba. Tashoshin soja da fashi suke ci, a ƙwace kifi da awaki da rogo, garin da ya ƙi a ƙone shi. Fursunoni ana ɗaure su da sarƙar shanu wadda take cin wuya har ƙuda ya taru a gyambon. Hafsoshi suna kama mata su ajiye. Ma'aikatan da aka ɗebo daga wasu ƙasashe ana karya musu alkawarin kwantiragi. Kuma gwamnatin da ta zo hana bauta da kanta take sayen bayi, fam uku a kan ƙaƙƙarfan namiji, ta sa masa kaki. A wata wasiƙar da ya aika wa sakataren harkokin wajen Amurka ya kira abin laifi a kan ɗan Adam baki ɗaya, kalmar da sai bayan fiye da rabin ƙarni ta zama tuhuma a kotun duniya.

An buga wasiƙar, ta yi ɗan motsi, har majalisar Beljiyam ta tattauna ta a 1891. Amsar da aka ba shi ba ta taɓa batir ko sarƙar shanu ba. Jaridun fada suka ce ai ba kanar ba ne, maƙaryaci ne, baƙin mutum ne mai taɓin hankali da yake neman a toshe masa baki da kuɗi. Bai samu damar ramawa ba. Tarin fuka ya kama shi a hanyar dawowa, ya mutu a garin Blackpool na Ingila ranar 2 ga Agusta 1891, yana da shekara 41. Fadar Burasel ta yi ajiyar zuciya. Kuma duk abin da ya gani, kafin zamanin roba ne.

Kafin mu kai ga roba, a dubi layin dogo, don a can ne aka ga yadda daula take tattaro gumi daga kusurwoyin duniya. An fara shi a 1890 ƙarƙashin Albert Thys, don ya maye gurbin 'yan dako tsakanin Matadi da tafkin Stanley, tazarar kusan kilomita 400. Mil 14 na farko kaɗai sun ci shekara uku. Dutse ne tsagwaronsa, ga zazzaɓi, ga atuni, ga ƙarancin abinci. Aka kawo leburori daga Saliyo da Akra da Legas da Senegal. A 1892 aka kawo Sinawa 540 daga Hong Kong da Makawo, kusan 300 suka mutu ko suka gudu cikin daji. A shekarar dai aka kawo wasu ɗaruruwa daga tsibirin Barbados, jikokin bayi, waɗanda ba a gaya musu gaskiyar inda za su ba. Da jirgi ya tsaya a Boma suka gane Kongo ce, suka yi bore, sojoji suka buɗe wuta suka kashe biyu, sauran aka tura su Matadi bakin aiki. Aka gama layin a 1898. Lissafin hukuma ya ce Turawa 132 suka mutu, waɗanda ba Turawa ba 1,800, kuma masana tarihi da dama suna ganin adadin na biyu an rage shi ainun.

A 1888 wani likitan dabbobi a Belfast, John Boyd Dunlop, ya yi wa keken ɗansa taya mai iska. Cikin 'yan shekaru duniya ta haukace da neman roba, ta keke, ta wayar lantarki, daga baya ta mota. Gonakin roba na Asiya sai sun yi shekaru kafin su isa tatsa. A dajin Kongo kuwa ga ta nan a wata itaciya mai yaɗo da take nannaɗe manyan bishiyoyi. Tun 1885 Leopold ya yi dokar cewa duk filin da babu kowa a kansa na gwamnati ne, wato duk dajin da mutane suke farauta a ciki. A 1891 da 1892 ya ƙara da cewa haure da danƙon da ke cikinsa ma nata ne. Alkawarin Barlin na ciniki ba shamaki ya bi ruwa. Ya yanka manyan yankuna ya ba kamfanoni irin su ABIR da Anversoise, shi kuma yana da kaso mai tsoka a cikinsu.

Tatsar danƙon nan aiki ne da babu mai yinsa don son ransa. Mutum zai yi kwanaki a dajin da ruwa ya malale, ya hau bishiya mai tsawo, ya tsaga itaciyar, ya jira ɗigo. Wasu a ƙirji da cinya suke shafa shi ya daskare, sannan su ɓamɓare har da gashi. A yankin ABIR ana neman kilo uku zuwa huɗu na busasshen danƙo daga kowane namiji duk mako biyu, abin da yake cinye kusan dukan kwanakinsa, gona ta zama saura. Yadda ake tilasta shi kuwa, sojoji su faɗa gari su kame mata da yara su tsare a shinge, sai an cika awo a sake su, wani lokaci ma sai an ƙara da akuya. Garin da ya gaza a far masa. Hafsoshi kuma suna tsoron kada soja ya ɓarnatar da harsashi a farauta ko ya tara don tawaye, sai suka ce kowane harsashin da aka harba a kawo hannun dama na wanda aka kashe. Sojan da ya harbi biri yana buƙatar hannu, sai ya sare na mai rai. Albashin Baturen tasha ɗan kaɗan ne, kamasho ne samunsa, kuma kamashon yana ƙaruwa ne gwargwadon arahar da ya samo kayan.

Yanzu a jera mutum uku a ga aikin gata. Na farko Charles Stokes, Bature ɗan Ailan, tsohon ɗan mishan da ya koma fataucin haure da bindigogi. Kyaftin Hubert Lothaire ya sa aka kama shi a gabashin Kongo bisa zargin sayar wa Larabawa makamai, ya yi masa shari'ar jeka-na-yi-ka, ya rataye shi a watan Janairu 1895. Turai ta ɗauka. Jaridun Landan da Barlin suka yi ta kururuwa, gwamnatin Kongo ta biya Ingila diyyar faran 150,000, ta biya Jamus 100,000, aka gurfanar da Lothaire sau biyu, a Boma da Burasel. An wanke shi dai, daga baya ma ya zama babba a kamfanin Anversoise, amma an yi shari'a, an biya kuɗi. Na biyu leburan Saliyo da sojan Legas. Baƙaƙe ne, amma talakawan Sarauniyar Ingila ne, suna da gwamnan da za su kai wa ƙara in sun dawo da tabon dorina. Koke ya taru har a 1896 sakataren mulkin mallaka Joseph Chamberlain ya faɗa wa majalisar Ingila cewa an sa wasunsu aikin soja ba da yardarsu ba, an yi musu bulalar rashin imani, an harbe wasu, don haka ya hana ɗaukarsu. Ba a biya diyya irin ta Stokes ba, an dai rufe ƙofa. Kuma kada son kai ya sa mu manta cewa sojan nan da aka zane shi ne sau da yawa yake riƙe da dorina a kan wani, shi ne yake cinna wa bukka wuta in hafsa ya ba da umarni.

Na uku ɗan ƙasa. Abin da aka yi masa shi ne a 1896 Leopold ya kafa kwamitin kare 'yan ƙasa, 'yan mishan shida da aka zaɓo daga wurare masu nisan gaske da juna, babu ko ɗaya a yankin roba. Sau biyu kacal kwamitin ya zauna. Wanda ba shi da jakada sai ya kai ƙararsa da abin da ke hannunsa. A 1895 sojojin barikin Luluabourg suka kashe kwamandansu suka shiga daji. A 1897 rundunar da Francis Dhanis ya nufi kogin Nilu da ita ta juya wa hafsoshinta bindiga, aka yi shekaru ana fafatawa. Wani limamin Katolika Bafaranshe mai suna Achte ya faɗa hannun 'yan tawayen, ya sadaƙar ya mutu. Suka ba shi abinci, suka zaunar da shi suka zayyana masa abin da aka yi musu, har da hafsan da yake zuba gishiri da barkono a miki bayan bulala, sannan suka sallame shi.

A shekarar nan ta 1897 aka yi babban baje koli a Beljiyam. Leopold ya sa aka kawo 'yan Kongo 267, maza da mata da yara, aka gina musu bukkoki a bakin tafki a Tervuren, mutane sama da miliyan suka zo kallo. 'Yan kallo suna jefa musu alewa har ta ɓata musu ciki, sai aka kafa allo mai cewa kwamiti ne yake ciyar da su, irin wanda ake kafawa a gidan namun daji. Bakwai daga cikinsu suka mutu a can.

Wani baƙar fatar Amurka ya sake gani da idonsa. William Sheppard ɗan Bajiniya ya yi shekaru yana roƙon cocinsa ta Kudu ta tura shi Afirka, ta ƙi sai an samu farar fatar da zai shugabance shi. Aka samu wani matashi ɗan Alabama, Samuel Lapsley, suka iso a 1890, zazzaɓi ya kashe Lapsley a 1892, Sheppard ya ci gaba, ya koyi harshen mutanen Kuba, ya zama baƙo na farko da ya shiga babban birninsu. A 1899 aka tura shi ya binciki wani hari da mayaƙan Zappo Zap suka kai da sunan karɓar harajin gwamnati a yankin Kasai. Shugabansu ya ɗauka shi ma na gwamnati ne, ya zagaya da shi yana nuna masa aiki. A kan wani ragaya da aka hura wuta a ƙarƙashi ya tarar da hannuwan dama ana ƙyafe su don kada su ruɓe kafin a kai wa Bature. Ya tsaya ya ƙirga, 81.

Sai da Turawa suka maimaita maganar sannan ta zama magana. Edmund Morel akawu ne a kamfanin jiragen ruwa na Elder Dempster, yana tsayawa a tashar Antwerp ya ga jirage suna sauke roba da haure, suna komawa da bindigogi da harsashi da hafsoshi, babu hajar da za a ce da ita ake biya. Ya ajiye aiki ya shiga yaƙi da alƙalami. Rahoton ƙaramin jakadan Ingila Roger Casement ya fito a 1904, ya tabbatar da kusan duk abin da Williams ya faɗa shekara goma sha huɗu da suka wuce. Cikin masu aika wa Morel takardu a ɓoye akwai Hezekiah Andrew Shanu, mutumin yankin Legas, wanda ya je Kongo a 1884 yana ɗebo wa gwamnati sojoji daga gida, ya samu lambar yabo, ya zama babban ɗan kasuwa a Boma. Da asirinsa ya tonu ba a iya ɗaure shi ba, don talakan Ingila ne. Sai aka hana ma'aikatan gwamnati sayen kome a wajensa, aka karya shi, ya kashe kansa a watan Yuli 1905.

Mutanen da yunwa da cuta da harsashi da gudun hijira suka cinye a waɗannan shekaru, masana sun saɓa a kan adadinsu, wasu suna kai shi miliyan goma. A 1908 matsin lamba ya sa Leopold ya sallama wa Beljiyam ƙasar, amma sayarwa ya yi. Beljiyam ta ɗauki bashin faran miliyan 110, ta kuma yi alkawarin ba shi miliyan 50 na kansa, wai tukuicin ɗawainiyar da ya yi wa Kongo, kuma daga Kongon za a tatso kuɗin. Kafin a miƙa mulki aka yi kwana takwas ana ƙona takardun gwamnatin a Burasel. Ya mutu a Disamba 1909, aka yi masa jana'izar sarakuna. Kabarin Williams a Blackpool kuwa ya zauna babu ko alama har 1975, lokacin da masanin tarihi John Hope Franklin, wanda ya yi shekaru yana bin sawunsa, ya sa aka kafa masa dutse mai ɗauke da sunansa.